Ɗayewa Ko Kankarewa? Yadda Ake Cire Tsohuwar Baƙar Leda Daga Gilashin Mota

Gabatarwa

Mu ɗaliban harshe, idan malamai suka ba mu aikin tattaro kalmomi, mun saba da garzayawa wurin maƙera da majema da masaƙa da tsofaffin unguwa. Ba kasafai muke tunawa da gareji ba, alhali kuwa a can ma akwai Hausa jibge, wadda take tafiya kafaɗa da kafaɗa da zamani. A hutun bazara na koma gida Kontagora, sai wata matsala da ta shafi motar kawuna ta kai ni wurin wani mai sana'ar liƙa wa gilashin mota baƙar leda. A wurinsa na koyi yadda ake cire tsohuwar leda ba tare da an yi ɓarna ba, na kuma gane bambancin wasu kalmomi biyu da na daɗe ina yi musu kuɗin goro, wato ɗayewa da kankarewa. Manufar wannan maƙala ita ce in bayyana wa 'yan'uwana ɗalibai yadda ake wannan aiki daki-daki, da dalilin kowane mataki, sannan in nuna ribar da ɗalibin harshe zai samu a ciki.

Mafarin Al'amari

Kawuna ya sayi wata tsohuwar mota ƙirar Golf domin ya riƙa jigilar fasinja tsakanin Kontagora da Yawuri. Motar ta zo da baƙar leda a gilasan ƙofofi huɗu da na baya, kuma ledar ta tsufa ƙwarai. Launinta ya koɗe ya koma shunayya, ta yi bororo nan da can, gefunanta sun fara tashi. Cikin mako biyu ta jawo masa damuwa iri uku. Ta farko, duk shingen jami'an tsaro da ya isa sai an tsayar da shi an ce ya sauke gilashi, a wasu wuraren har a nemi takardar izini. Ta biyu, fasinja suna ɗari-ɗari da shiga motar da ba a ganin cikinta. Wannan ba abin mamaki ba ne ga wanda ya san halin da yankinmu ya shiga, musamman tun daga 2021 da aka sace ɗalibai a Kagara da Tegina. Ta uku ita ce ta fi tayar mana da hankali. Wata rana bayan magariba yana ja da baya a ƙofar gida, sai ya take wani bokiti, ashe ƙaramar 'yarsa tana tsugune dab da bokitin, bai ko hango ta ba. Allah Ya kiyaye. A daren ya ce lallai gobe ledar nan ta bar jikin motarsa.

Ni kuwa da karambani sai na ce ya bar mini aikin. Da sassafe, tun gari da sauran sanyi, na ɗauki reza na hau gilashin baya da kankara. Ledar ta riƙa fitowa gutsi-gutsi kamar ɓawon gyaɗa, gam ya maƙale a jikin gilashi, ya kwashi ƙura ya zama baƙi. Bayan awa biyu ban gama ko rabi ba, ga yatsana da yanka. Da kawu ya ga haka sai ya ce in shiga mu tafi wurin masu abin.

Mai sana'ar, wani magidanci da ya kai shekara hamsin, ya shafa gilashin da yatsa ya girgiza kai, sannan ya dube ni ya ce, "Ɗan boko, wa ya ce maka kankare ta ake yi? Ai ɗaye ta ake yi. Kuma ba a ɗaye ta da sanyin safiya." Daga nan ya nuna mini siraran layuka uku a jikin gilashin da rezata ta tsinka. Zan yi bayaninsu a gaba.

Mece Ce Wannan Leda?

A gareji sunanta tinti, wasu kuma su ce baƙin gilashi. Ido yana ganinta kamar falle ɗaya, amma a gaskiya falle-falle ce aka haɗa. Gangar jikinta roba ce mai suna foliyesta, dangin wadda ake yin gorar ruwan sha da ita. A fuskar da ke kallon cikin mota akwai wani shafi mai tauri da ke hana ta saurin ƙarjewa. A tsakiya akwai rini, wanda shi ke ba ta duhu. A fuskar da ke manne da gilashi kuma akwai gam. Kamfanin 3M na ƙasar Amurka ne ya fara samun rajistar mallakar irin wannan leda mai tare zafin rana a 1966. Ta cikin mota ake liƙa ta, saboda haka ta ciki ake cire ta.

Ledar tana da amfaninta. Tana rage zafi, tana tare wani sashe na hasken rana da ido ba ya gani, wanda shi ne ke sa tufafi da kujeru su koɗe, sannan idan gilashi ya fashe takan riƙe ɓaraguzansa. Sai dai wannan hasken da take tarewa shi ne kuma yake cin ta. Baƙin rinin leda mai araha haɗi ne na launuka, kuma rawaya ce ke fara mutuwa a rana, sai a bar ja da shuɗi, su kuwa idan suka haɗu shunayya suke bayarwa. Bororon kuma alama ce ta cewa gam ya gaji ya saki gilashi a wasu wurare. A gari irin Kontagora, inda zafin Maris da Afrilu yakan doshi digiri 40, wannan tsufa yakan zo da wuri.

Akwai wani bambanci da ya kamata a sani tun kafin a ɗauki reza. Wasu motoci daga masana'anta suke zuwa da gilashi mai duhu, wato launin yana cikin gilashin kansa. Irin wannan babu abin da za a ɗaye a jikinsa, sai dai a sauya gilashin ɗungurungum. Hanyar ganewa ita ce a ɗan sauke gilashin ƙofa a duba bakinsa na sama ta ciki. Idan leda ce, za a ga inda ta tsaya, har farce ya iya kama gefenta.

Abin Da Doka Ta Ce

Dokar da ta hana baƙin gilashi a Nijeriya ita ce dokar soja mai lamba 6 ta 1991, wadda aka kafa a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida. Ta hana a mayar da gilashin mota mai duhun da zai sa a kasa ganin mutane ko kayan da ke ciki, sai fa idan akwai dalili na lafiya ko na tsaro, shi ma da izinin Sufeto Janar na 'yan sanda. Ta ba wanda ya sayi irin wannan mota ko ya shigo da ita ƙasa kwana 14 ya gyara. Hukuncin da ta yanka shi ne tarar Naira 2,000 ko ɗaurin da bai wuce wata 6 ba, ko kuma a haɗa wa mutum duka biyun. A watan Yunin 2021 Sufeto Janar Usman Alkali Baba ya dakatar da ba da takardar izinin saboda matsalar tsaro. A 2025 kuma, zamanin Kayode Egbetokun, rundunar ta dawo da ba da izinin ta hanyar intanet tare da biyan kuɗi, lamarin da ya sa Ƙungiyar Lauyoyi ta Nijeriya ta garzaya kotu. Ga direban haya irin kawuna, wanda ba shi da lalurar ido ko ta fata, hanya mafi sauƙi ita ce ya rabu da ledar ya huta.

Kayan Aiki

Kayan da na gani a hannun mai sana'ar ba su da tsada, kuma kusan duk ana samunsu a gida. Akwai sabuwar reza, da manyan baƙaƙen ledoji irin na zuba shara, da gorar roba da aka huda murfinta aka cika ta da ruwan sabulu, da tsummoki masu laushi, da tsohuwar jarida, da tsohon katin banki na roba. Babban kayan aikin kuwa, in ji shi, yana sama, wato rana. Shi ya sa ya ce mu ajiye motar mu jira sai hantsi ya dubi ludayi.

Yadda Ake Ɗayewa

Sirrin aikin gaba ɗaya yana ga gam. Idan gam yana da sanyi yakan yi tauri ya riƙe gilashi, ita kuma tsohuwar leda ta yi gautsi, da an ja sai ta yage. Idan ya ji zafi da laima yakan yi laushi ya bi ledar su fito tare. Duk matakan da ke tafe hanyoyi ne na sa gam ya saki gilashi ya bi leda.

Mataki na farko shi ne kare cikin mota. Ya shimfiɗa tsummoki a kan ƙofofi, musamman inda maɓallan gilashi da lasifika suke, domin ruwa yana lalata su. Ya kuma rufe kujerun baya da bayansu.

Mataki na biyu, ya juya motar yadda gilashin da za a yi wa aiki zai fuskanci rana sosai. Ya yanka baƙar ledar shara daidai girman gilashin, ya fesa ruwan sabulu ta waje ya manna ta. Baƙin abu yana zuƙar zafi, saboda haka cikin ɗan lokaci gilashin ya ɗauki zafin da hannu ba ya iya daɗewa a kansa.

Mataki na uku, ya shiga ciki ya jiƙe tsohuwar ledar sharkaf da ruwan sabulu, sannan ya manna wata ledar sharar a kanta domin kada ruwan ya bushe. Ya rufe ƙofofi, muka koma inuwa muka zauna kusan awa guda. A nan ne na fara gajiya na ce ko mu duba, sai ya ce da ni, "Malam, sannu ba ta hana zuwa. Bar rana ta yi mana aikin."

Mataki na huɗu shi ne ɗayewar kanta. Ya ɗan sauke gilashin ƙofa domin bakinsa na sama ya fito, ya sa tsinin reza ya ɗaga kusurwa ɗaya, daidai yadda yatsu biyu za su kama. Daga nan ya ajiye rezar. Ya riƙa jan ledar a hankali zuwa ƙasa da hannu biyu, hannuwansa suna dab da gilashin, yana matsar da su gaba duk lokacin da ledar ta ƙara tsawo. Da ya kai tsakiya sai ya ɗaga gilashin sama domin ya samu gindin ledar da ke ɓoye a cikin robar ƙofa. Ledar ta fito falle guda, kamar an ɗaye fatar rago ranar Babbar Sallah, kuma mafi yawan gam ɗin yana jikinta.

A ƙofa ta uku sai aka samu tangarɗa. Fallen sama ya fito fari, ya bar mai rinin manne da gilashi. Wannan yakan faru da ledar da ta tsufa ainun. Bai yi gardama da ita ba, sai ya sake jiƙa ta, ya rufe da ledar shara, ya wuce ƙofa ta huɗu, bayan rabin awa ya dawo ya ɗaye ta cikin sauƙi.

Idan damina ce ko hunturu, lokacin da hadari ko hazo ke tare rana, akan yi amfani da na'urar busar da gashi irin ta masu gyaran kai. Ana hura iska mai zafi a inda ake ja, ana yawo da na'urar, ba a tsayar da ita wuri ɗaya. Masu hali kuma suna da na'urar tururi, wadda ta fi kowace hanya kyau domin ta haɗa zafi da laima lokaci guda.

Gilashin Baya

Wannan shi ne wurin da na yi ɓarna, kuma shi ne ya fi bukatar kulawa. Duk wanda ya lura da gilashin bayan mota zai ga siraran layuka a kwance, masu launin jan ƙasa. Da yawa daga cikinmu mun ɗauka ado ne. A haƙiƙa wayoyi ne da aka zana da wani shafi mai ɗauke da azurfa a fuskar gilashin ta ciki. Idan direba ya danna maɓalli, lantarki yakan bi ta cikinsu su ɗumama gilashin, sai gumin da yakan rufe shi lokacin ruwan sama ko sanyin asuba ya washe. A wasu motocin ma eriyar rediyo tana cikin waɗannan layuka. Da yake a saman gilashin suke, reza tana tsinka su nan take, kuma layin da ya tsinke a wuri ɗaya ya daina aiki daga wannan gefe har wancan.

Saboda haka ƙa'idar ita ce reza ba ta taɓa gilashin baya, sai dai a can kusurwa inda babu layi. Ana ba shi zafi fiye da sauran, a ja ledar sannu a hankali ana bin kwanciyar layukan. Idan ta ƙi, a ƙara ruwa a ƙara jira. Abin da ya rage na gam kuma da tsumma mai laushi ake goge shi, daga hagu zuwa dama yadda layukan suka kwanta, ko a tura shi a hankali da katin roba. Akwai wani shafi na musamman da ake sayarwa domin haɗa layin da ya tsinke, amma rigakafi ya fi magani.

Sauran Gam

Ko an yi sa'a, ba a rasa ɗan gam da zai rage. A gilasan ƙofa, a nan ne kaɗai kankarewa take da gurbi. Ana jiƙa wurin da ruwan sabulu, a kwantar da sabuwar reza sosai, a tura ta gaba kawai, ana goge bakinta da tsumma bayan kowace turawa. Sharuɗɗan biyu ne: kada gilashi ya bushe, kada kuma a yi aiki da reza mai tsatsa ko wadda bakinta ya karye, domin ita ke zana gilashi. Gam mai taurin kai akan ɗiga masa sifirit irin na kemis a kan tsumma. Daga ƙarshe a wanke da ruwa mai tsabta, a goge da jarida. Mai sana'ar ya ce kada mu yanke hukunci sai dare ya yi, domin fitilar motar da ke tahowa ita ke tona asirin gam ɗin da ya ɓuya da rana.

Abubuwan Kiyayewa

Kada a yi amfani da fetur wurin narka gam. Yana narka shi, amma tururinsa a cikin mota mai zafi yana jiran ƙyastu ɗaya ne kawai, kuma yana cin robar ƙofa. Kada a sa soson ƙarfe na wanke tukunya ko takardar goge katako, domin zanen da za su bari ba ya fita. Kada a watsa ruwan sanyi a kan gilashin da ya yi zafi, musamman mai tsaga, domin yana iya fashewa. Wasu suna amfani da ruwan wanke gilashi mai sinadarin amoniya a maimakon ruwan sabulu, kuma ya fi saurin aiki, amma warinsa yana shaƙe mutum, saboda haka sai a buɗe ƙofofi kafin a shiga. Babban haɗari shi ne a haɗa shi da ruwan bilic irin su Hypo, domin haɗuwarsu tana haifar da iska mai guba. Sannan a tattara tsoffin rezoji da ledar da aka ɗaye a kai su inda yara da awaki ba za su kai gare su ba.

Ribar Ɗalibin Harshe

Yanzu bari in koma fagenmu. Kalmar tinti daga Ingilishi aka aro ta, kuma ta bi hanyar da 'yan'uwanta suka bi. Mafi yawan kalmomin Hausa da wasali suke ƙarewa, saboda haka Bahaushe ya ƙara mata wasalin "i" a ƙarshe, kamar yadda ya yi wa fenti da siminti da birki da faci. Ke nan bakanike bai karanta ilimin tsarin sauti ba, amma harshensa yana bin dokokinsa sau da ƙafa.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne aikatau. A wuni ɗaya na ji an yi amfani da ɗaye, da kankare, da ɓamɓare, da ɓare, da goge, da wanke. Dukkansu suna cikin aji na huɗu a rabon azuzuwan aikatau da F. W. Parsons ya yi a 1960, wato ajin da ke ƙarewa da wasalin "e", wanda sau da yawa yake nuna an yi aiki gaba ɗaya ko an raba wani abu da wani. Amma kowace da irin aikinta. Ana ɗaye abu mai faɗi da laushi wanda zai fito a haɗe, kamar fata ko ɓawon rama. Ana kankare abin da ya bushe ya maƙale, da makami, kaɗan-kaɗan, kamar ƙanzo a gindin tukunya. Ana ɓamɓare abu mai tauri da ƙarfin tsiya. Ana ɓare abin da ke da kwasfa, kamar gyaɗa. Da mai sana'ar ya ce mini ɗayewa ake yi, a cikin kalma ɗaya ya gaya mini cewa sai ledar ta yi laushi, da hannu za a ja ta, kuma a haɗe ake so ta fito. Da na san nauyin kalmar tun farko, da ban ɗauki reza da sanyin safiya ba. Lallai rashin sani ya fi dare duhu.

Kammalawa

A taƙaice, wannan maƙala ta yi bayanin abin da baƙar ledar gilashi ta ƙunsa, da dalilin tsufanta, da matsayinta a doka, da matakan cire ta: a tabbatar leda ce, a ba ta zafi da laima, a jira, a ja a hankali, a kuma nisantar da reza daga gilashin baya. Aikin da na kasa yin rabin gilashi ɗaya cikin awa biyu, mai sana'ar ya gama gilasai biyar kafin la'asar. Kawu ya koma hanyar Yawuri, fasinja suna hango juna ta taga, shi kuma yana ganin abin da ke bayansa. Sai dai har yau, idan aka yi ruwa ya danna maɓallin nan, gilashin baya yakan washe ya bar zirin gumi guda uku a daidai inda rezata ta bi, kuma bai taɓa fasa nuna mini su ba.

Ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, musamman masu neman batun kundin kammala karatu, da mu riƙa leƙa gareji da tasha da shagunan masu gyaran waya da littafi a hannu. Akwai kalmomi da yawa a bakin masu waɗannan sana'o'i da ke jiran mai rubuta su.